Ko Ya Dace Gidan Jinƙai Ya Kori Wanda Ya Faɗi?

A birane da garuruwan Amurka akwai waɗansu gidajen haya waɗanda mai wucewa ba zai iya bambanta su da na maƙwabtansu ba. Babu allo a ƙofarsu, babu mai gadi, babu likita a ciki. Kowane ɗaya yana ɗauke da mutum kamar 8 ko 10, maza zalla ko mata zalla, waɗanda abu guda ya tara su: kowannensu ya taɓa zama bawan giya ko na miyagun ƙwayoyi, yanzu kuwa yana fama ya tsaya da ƙafafunsa. Suna raba kuɗin haya daidai wa daida, suna raba shara da wanke-wanke, suna kuma zaman taro sau ɗaya a mako. Sunan waɗannan gidaje Oxford House. In wata rana ɗaya daga cikinsu ya komo da dare yana warin barasa, 'yan gidan sukan kira taron gaggawa, su saurare shi, sa'an nan su jefa ƙuri'a. Idan mafi rinjaye suka tabbata ya sha, a ranar zai tattara kayansa ya fita, ko da shi ne shugaban gidan, ko da ya shekara 3 bai taɓa kwalba ba.

Duk mai tausayi da ya ji wannan sai zuciyarsa ta sosu. An kafa gidan domin raunana, ga shi kuma yana rufe ƙofa ga mutum a ranar da rauninsa ya fi bayyana. Magabata sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Su ne kuma suka ce wake ɗaya shi ke ɓata gari. Duka biyun gaskiya ne, a daren ƙuri'a kuwa sai ɗayansu ya ba wa ɗayan hanya. Tambayar ita ce ko wannan kora zalunci ne da aka sa wa rigar doka, ko kuwa wani fannin jinƙai ne wanda ido ba ya saurin ganewa.

Asalin gidan

A shekarar 1975, a garin Silver Spring na jihar Maryland, hukumar gunduma ta yanke shawarar rufe wani gida da take kula da mashaya waɗanda suka fito daga jiyya, saboda ƙarancin kuɗi. Mutum 13 ne ke zaune a ciki. Ɗaya daga cikinsu shi ne Paul Molloy, lauya wanda ya taɓa aiki a Majalisar Dattawan Amurka kafin giya ta raba shi da aikinsa da iyalinsa. A wancan gida na hukuma, dokar ita ce mutum ya yi wata 6 ya ba wani wuri. Molloy da abokan zamansa sun ga yadda yawancin waɗanda wa'adinsu ya cika suka koma shan giya ba da daɗewa ba, suka kuma san abin da ke jiransu ke nan. Saboda haka suka ranci kuɗin hayar watan farko, suka karɓi gidan da kansu, suka ci gaba da zama ba tare da ma'aikaci ko ɗaya ba.

Sun raɗa wa gidan suna Oxford domin tunawa da Oxford Group, wata ƙungiyar farkawa ta Kirista wadda Frank Buchman, faston Lutheran, ya kafa, wadda kuma daga cikinta ne ƙungiyar mashaya masu taimakon juna ta Alcoholics Anonymous ta tsiro a Akron ta jihar Ohayo a 1935. Duk da haka gidan ba na wata ɗarika ba ne, ba ya kuma tambayar addinin mai neman shiga.

Sharuɗɗa 3 ne kowane gida yake ɗauka kafin ya amsa wannan suna. Na fari, mazauna ne za su mulki kansu ta hanyar ƙuri'a. Na biyu, su ne za su biya dukan kuɗin gidan daga guminsu. Na uku, za su fitar da duk wanda ya koma ga giya ko ƙwaya nan take. Sabon mai nema ba ya shiga sai kashi 80 cikin 100 na mazauna sun yarda da shi. Ana zaɓen shugaba da ma'aji da magatakarda da sauran masu hidima na wata 6 kawai, domin kada wani ya mai da kansa sarki. Babu wa'adin zama: wanda yake biyan rabonsa, yana zaman lafiya da mutane, bai kuma sha ba, yana iya zama shekaru. A 1988 Majalisar Amurka ta yi dokar da ta umarci jihohi su ware asusu na ba da rancen da bai wuce dala 4,000 ba ga masu son buɗe irin wannan gida, su biya cikin shekara 2. Daga nan gidajen suka yaɗu, har suka haura 3,000 a Amurka, aka kuma buɗe waɗansu a Kanada da Ostareliya da Ghana.

Me ya sa sai an yi gida?

Kafin a auna dokar kora, wajibi ne a fahimci abin da gidan yake tsarewa. Asibiti yana iya wanke jinin mashayi cikin 'yan kwanaki, yana iya riƙe shi wata guda yana koya masa dabarun kame kai. Amma ranar sallama takan mai da shi ɗakin da ya saba sha a ciki, da lungun da dillali yake tsayawa, da abokan da ba su san wata gaisuwa ba sai ta kwalba. Jaraba takan manne wa wurare da fuskoki da lokutan yini, har ganin ƙofar wani shago ya isa ya ta da ƙishirwar da aka yi zaton ta mutu.

Akwai binciken da ya nuna ƙarfin wannan al'amari. A lokacin yaƙin Biyetnam, hodar hiroyin ta yi arha a sansanonin sojan Amurka, hukumomi kuma suka tsorata cewa dubban mashaya za su komo gida. Aka ɗora wa Lee Robins, wata masaniya ta Jami'ar Washintan da ke St. Louis, aikin bin sawun sojojin da suka bar Biyetnam a watan Satumba na 1971. Ta tarar cewa wajen kashi 20 cikin 100 sun kamu da jarabar a can. Abin mamaki, cikin waɗanda suka kamu, kimanin kashi 5 cikin 100 ne kawai suka sāke kamuwa a shekarar farko bayan komowarsu, cikin shekara 3 kuma adadin bai wuce kashi 12 ba. Dalilan suna da yawa, amma babba a cikinsu shi ne mutanen sun bar wurin, da abokan sha, da sauƙin samun hodar. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, rabuwa da shi kuwa yakan ba kai damar komawa baƙi.

Wannan shi ne dukan dukiyar gidan masu murmurewa. Ba shi da magani, ba shi da ƙwararru. Abin da yake da shi kaɗai shi ne tabbacin cewa a bayan wannan ƙofa babu kwalba, babu ƙwaya, babu kuma wanda ke cikin maye. Ranar da wannan tabbaci ya karye, gidan ya zama ɗakin haya kamar kowane.

Ƙarar da ake kawowa

Masu sukar dokar kora suna da hujjoji masu nauyi, bai kuwa kamata a raina su ba.

Hujja ta fari ita ce jarabar shaye-shaye ciwo ne mai daɗewa. Cibiyar binciken miyagun ƙwayoyi ta gwamnatin Amurka ta ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa jiyya sukan sāke faɗuwa, adadin da ya yi kusa da na masu hawan jini ko ciwon asma waɗanda ciwonsu ke tashi bayan ya lafa. Babu asibitin da ke korar mai hawan jini domin jininsa ya hau. In haka ne, in ji masu suka, korar mashayi domin ya sha daidai take da hukunta majiyyaci saboda alamar ciwonsa.

Hujja ta biyu ta fi tsanani, gama ta shafi rai. Jikin da ya daɗe bai karɓi ƙwaya ba yakan rasa juriyar da ya saba da ita, har adadin da mutum yake sha dā ba tare da ya faɗi ba ya isa ya tsai da numfashinsa yanzu. Wani bincike da aka buga a 2007 a kan fursunoni fiye da 30,000 da aka saka a jihar Washintan ya nuna cewa a mako 2 na farko bayan fitarsu, haɗarin mutuwa ta hanyar shan ƙwaya fiye da kima ya ninka na sauran jama'a sau 129. Mutumin da aka fitar daga gida da dare, da kunya a zuciyarsa, ba shi da wurin kwana, yana cikin irin wannan haɗari. Masu jefa ƙuri'a sun san cewa mai yiwuwa ne ba za su ƙara ganinsa da rai ba.

Hujja ta uku ita ce akwai wata hanya. A 1992, a birnin Niyok, Sam Tsemberis ya fara wani tsari na ba marasa matsuguni ɗaki tun da fari, ba tare da sharaɗin su daina sha ba, bisa ga imanin cewa wurin kwana hakkin ɗan adam ne wanda bai kamata a mai da shi ladan kyakkyawan hali ba. Tsarin ya yi nasara ƙwarai wajen raba mutane da kwanan titi, gama wajen kashi 80 cikin 100 sukan zauna a ɗakunansu. Ko da yake bincike bai nuna yana rage sha fiye da sauran hanyoyi ba, ya nuna cewa ana iya taimakon mashayi ba tare da barazanar kora ba.

Su wane ne sauran?

Amsa ta fari ga waɗannan hujjoji tana cikin ɗakunan da ke kusa da na wanda ya faɗi. Sa'ad da ake maganar jinƙai, ido yakan tsaya a kan mutum ɗaya, wanda ke tsaye da jakarsa a bakin ƙofa. Amma a gidan akwai waɗansu 8 ko 9, kowannensu da irin ciwon. Wani kwanansa 10 ke nan da fitowa daga asibiti, hannunsa bai daina rawa ba. Wata tana jiran kotu ta mayar mata da 'ya'yanta in ta cika shekara ba ta sha ba. Kwatancin hawan jini ya gaza a nan, gama hawan jinin wani ba ya ta da na maƙwabcinsa, amma warin giya a falo yana iya rushe wata 6 na faman wanda ke zaune a kujera ta gaba. Wanda ya ce a bar mai maye ya kwana domin tausayi, ya yanke shawara ke nan a kan rayukan sauran ba tare da ya tambaye su ba. Tausayin da ake biya da jinin waɗansu raunana bai cika tausayi ba.

Amsa ta biyu tana ga waɗanda suka kafa dokar. Da a ce wani mai gida ne, ko jami'in hukuma, ko malamin da bai taɓa sanin ƙishirwar barasa ba yake yanke hukunci, da ana iya zarginsa da girman kai. A nan kuwa masu ɗaga hannu su ne waɗanda dokar take hawa kansu gobe. Kowannensu ya karanta ta ranar shigarsa, ya amince, ya kuma roƙi sauran su riƙe shi da ita. Wanda aka fitar yau, mai yiwuwa ya ɗaga hannu a kan wani a watan jiya. Dokar alkawari ce tsakanin tsararraki, mutum ya yi ta sa'ad da hankalinsa yake garau domin ta tsare shi sa'ad da hankalin ya gushe. Da yawa daga cikin mazauna irin waɗannan gidaje sukan shaida cewa sanin babu sassauci shi ne ya riƙe su a daren da ƙishirwa ta taso, gama ya kawar da muryar nan mai raɗa cewa sau ɗaya ba kome.

Amsa ta uku ta shafi mutunci. Mashayi yakan shekara da shekaru a tsakanin mutane iri biyu: masu zaginsa, da masu rufa masa asiri. Uwa takan biya bashinsa, mata takan yi wa maigidan aikinsa ƙarya cewa zazzaɓi ne, 'yan'uwa sukan karɓo shi daga hannun 'yan sanda. Dukansu ƙauna ce ta motsa su, amma a hankali sukan koya masa cewa maganarsa ba ta da nauyi, ba a kuma sa ran zai cika ta. Gidan da ya ba shi mabuɗi, ya ba shi ƙuri'a, ya damƙa masa littafin kuɗi, ya kuma ce in ka karya alkawari za ka fita, ya ɗauke shi a matsayin baligi mai lamiri. Ciwo ne, gaskiya, amma ciwon bai shafe mutumin da ke ɗauke da shi ba. Ba a tuhumar mutum domin yana jin ƙishirwa. Abin da ake riƙe shi da shi shi ne abin da ya yi da ita, ko ya buga wa ɗan'uwa ƙofa da tsakar dare ya ce a taimake shi, ko ya fita a ɓoye. Ga wanda ya buga ƙofa babu kora.

Gidajen da ba sa kora

Yana da amfani a dubi abin da ya faru inda aka ajiye wannan doka. A kudancin jihar Fulorida, musamman gundumar Palm Beach, ɗaruruwan gidaje masu amsa sunan gidajen murmurewa sun buɗe a shekarun 2010, bayan dokoki sun tilasta wa kamfanonin inshora biyan kuɗin jiyyar shaye-shaye. Waɗansu na kirki ne. Waɗansu kuwa sun gane cewa mashayi mai inshora haja ce. Dillalai sukan jawo matasa daga jihohi masu nisa da alkawarin ɗaki kyauta, masu gida su miƙa su ga cibiyoyin jiyya a karɓi la'ada, cibiyoyin kuma su riƙa gwajin fitsari sau da yawa a mako suna cajin inshora dubban daloli. A irin wannan ciniki, wanda ya warke asara ne, wanda ya sāke faɗuwa kuwa riba ne, gama faɗuwarsa takan buɗe sabon zagayen biya.

A 2016 babban mai gabatar da ƙara na gundumar ya kafa runduna ta musamman domin binciken waɗannan gidaje. A 2017 kotun tarayya ta yanke wa wani mai irin waɗannan gidaje, Kenneth Chatman, ɗaurin shekara 27 da rabi. A gidajensa an bar mazauna suna shan ƙwaya muddin suna ba da fitsari ana cajin inshora, an tura waɗansu mata karuwanci, waɗansu mazauna kuma sun mutu. A 2018 Majalisar Amurka ta haramta karɓar la'ada a kan tura masu neman jiyya. A 2023 kuma hukumomin jihar Arizona suka tona wata zamba makamanciyar wannan, wadda ta fi cin 'yan asalin ƙasar, ta kuma lashe fiye da dala biliyan 2 na kuɗin lafiyar talakawa.

A gidajen Chatman ba a korar kowa domin ya sha. Wanda ya duba daga nesa yana iya cewa sun fi Oxford House haƙuri. Wannan ya isa ya nuna cewa barin mutum a kan gadonsa ba shi ne ma'aunin ƙauna ba. Abin tambaya shi ne wa ke cin moriyar zamansa, wa kuma ke cin moriyar fitarsa. A Oxford House, in an fitar da mutum, rabonsa na haya yakan koma kan waɗanda suka jefa ƙuri'ar har su sami wani. Suna yin hukuncin da ke taɓa aljihunsu, babu kuwa wanda ke samun ko sisin kwabo daga gare shi.

Akwai kuma kishiyar wannan, wadda mai karatu a Nijeriya ya sani. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a cikin shekara guda. Iyaye da yawa da suka rasa inda za su sa kansu sun kai 'ya'yansu wuraren da ake tsare su da ƙarfi. A shekarar nan ta 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton yadda ake ɗaure mutane da sarƙa a asibitocin gwamnati, da wuraren masu maganin gargajiya, da cibiyoyin addini na Kirista da na Musulmi. A can ma ba a korar kowa, gama ba mai iya fita. Sarƙa tana hana hannu kai wa ga kwalba, amma ba ta koya wa zuciya ta ƙi, ranar da aka kwance ta kuwa mutum yakan fito yadda ya shiga, da ƙarin tabo. Gidan da ƙofarsa take buɗe ta kowane gefe ne kaɗai yake ba mutum wurin gwada nufinsa kowace safiya.

Abin da 'ya'yan itacen suka nuna

Hujjar hankali ba ta isa ba in sakamakon ya ƙaryata ta. A 2006 Leonard Jason da abokan aikinsa na Jami'ar DePaul da ke Shikago suka buga sakamakon wani gwaji. Sun ɗauki mutum 150 da suka gama jiyya a jihar Illinois, suka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a: rabi suka tafi Oxford House, rabi suka bi hanyar da aka saba, watau komawa gida ko wurin dangi da zuwa asibiti lokaci lokaci. Bayan shekara 2, kimanin kashi 31 cikin 100 na 'yan Oxford House ne suke sha, a ɗaya rukunin kuwa kusan kashi 65. Abin da 'yan Oxford House suke samu a wata ya kai wajen dala 989, na sauran kuwa dala 440. Kashi 3 na rukunin farko ne suke kurkuku, a na biyu kashi 9. Waɗanda suka zauna wata 6 ko fiye su ne suka fi tsira.

Bincike ɗaya ba ya rufe magana, mutum 150 kuma ba duniya ba ne. Kashi 31 ɗin nan ma mutane ne masu iyaye da 'ya'ya. Amma alƙaluman sun nuna cewa gida mai tsauraran sharuɗɗa, wanda ba shi da wa'adi, wanda mashaya da kansu suke mulki, ya tsirar da mutane fiye da yadda barinsu su koma inda suka fito ya yi.

Sharaɗin da ke kan masu kora

Duk da haka, hujjar nan ta biyu, ta haɗarin mutuwa, ba ta gushe ba, ba kuwa za ta gushe ba. Ita ce take sa wa ikon kora iyaka. Gidan yana da ikon hana mutum gado, amma ba shi da ikon yanke shi daga zumunta. A gidajen da suka fahimci wannan, waɗanda suka ɗaga hannu su ne sukan ɗauki jakar, su kai ɗan'uwan asibitin wanke jini ko wurin danginsa, su kira shi a waya washegari. Tsarin ya kuma yarda wanda aka fitar ya sāke neman shiga, a wannan gida ko a wani, bayan ya sāke tsayawa na wani lokaci. Inda aka jefa kayan mutum waje aka kulle ƙofa aka koma barci, an cika harafin doka an kashe nufinta. Masu bi sun san wannan bambanci daga horon ikkilisiya, wanda manufarsa ita ce a komo da wanda ya yi tuntuɓe, wanda kuma yakan lalace ya zama ramuwa duk lokacin da dattawa suka sanar da horo suka manta da hanyar gidan wanda aka hora.

Akwai kuma nauyin da ke kan sauran jama'a. Gida ɗaya ba zai iya zama kome da kome ba. Dole a sami asibitin da zai karɓi wanda ya faɗi a daren, da matsugunin da ba ya sa sharaɗi irin na Tsemberis domin wanda bai shirya daina sha ba tukuna. Waɗannan da gidan murmurewa ba abokan gāba ba ne, kowanne yana da mutanen da ya dace da su. In mutumin da aka fitar ya kwana a titi, laifin bai tsaya a kan mashaya 8 da suka tsare gidansu ba, ya kai ga garin da bai tanadi wata ƙofa ba.

Garuruwa kuwa sau da yawa sun fi 'yan gidan saurin kora. A 1990 aka buɗe wani Oxford House na mutum 10 zuwa 12 a garin Edmonds na jihar Washintan. Hukumar garin ta kai ƙara, tana cewa unguwar ta iyalai ce, dokarta kuma ta ce iyali shi ne dangi na jini ko aure kome yawansu, ko kuwa mutanen da ba dangi ba in ba su wuce 5 ba. Shari'ar ta kai Kotun Ƙoli, a 1995 kuma alƙalai 6 cikin 9 suka yanke cewa irin wannan doka ba ta kuɓuta daga dokar tarayya mai hana nuna bambanci ga naƙasassu a wurin zama ba. 'Yan gidan sukan fitar da mutum ɗaya saboda abin da ya aikata jiya. Hukumar garin kuwa ta nemi fitar da su daga unguwar, ba domin wani a cikinsu ya sha ba. Wanda yake neman inda rashin jinƙai yake a wannan labari, a nan zai same shi.

Kammalawa

Amsar tambayar ita ce gidan jinƙai yana da ikon fitar da wanda ya faɗi, in dokar ta hau kan kowa daidai, in wanda aka fitar ya amince da ita tun da fari, in babu mai cin riba daga hukuncin, in kuma waɗanda suka rufe ƙofar ɗaki sun bar ta zumunta a buɗe. In ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace, masu suka sun yi gaskiya. Karin maganar nan biyu ba su saɓa wa juna ba kamar yadda aka zata da fari: ana ware wake domin gari ya tsira, hannun kuwa ba a yar da shi ba, ana jiyyarsa ne a wani ɗaki har ya warke.

Paul Molloy ya rasu a 2022, yana da kusan shekara 47 bai sha giya ba. Matarsa, wadda ta rabu da shi sa'ad da giya ta mai da gidansu wurin tsoro, ta sāke aurensa bayan shekara 13. Ita ma ta taɓa rufe masa ƙofa, ta kuma buɗe ta sa'ad da lokaci ya yi.